Hular gashin doki, takalmin minista da sauran abubuwan mamaki a taƙaice

 Yau manya za mu leƙa: masu baƙar riga a kotu, masu babbar riga a majalisa, da masu kwana suna ƙirga kuɗin da ba nasu ba. A gyara zama.

Farar hular nan mai nannaɗe da lauyoyinmu ke ɗorawa a ka, ta asalin da gashin doki ake saƙa ta, kuma daga Ingila muka gaje ta. Can tun 2008 alƙalan shari'o'in da ba na laifi ba suka ajiye tasu, mu kuwa ko a zafin Afrilu na Sakkwato tana nan daram. Mai kaya ya sauke, ɗan dako ya ce shi bai gaji ba.

Kafin a rantsar da ɗalibi a matsayin lauya a Najeriya, bayan jarrabawa sai ya halarci liyafar cin abinci har sau uku tare da dattawan sana'ar, cikin baƙaƙen kaya, ba latti, ba hayaniya. Wannan ma gadon Landan ne, inda a da yawan liyafar ya ninka namu sau da yawa. Karatu shekara shida, cokali ya hana ka takarda.

Lambar Babban Lauyan Najeriya, wadda aka fara bayarwa a 1975, ba ta samuwa sai mutum ya shekara goma aƙalla yana aikin. Da ya samu sai riga ta koma ta siliki, wurin zama ya koma sahun gaba, a kuma riƙa kiran ƙararsa kafin ta kowa. Kuɗin ganinsa ma ba ya zama a sahun baya.

A Ingila irin waɗannan manya Lauyoyin Sarauniya ake ce musu, har ranar da sarauniyar ta rasu a Satumban 2022, nan take suka zama Lauyoyin Sarki ba tare da kowa ya cike fom ba. Masu buga kati da allon ƙofar ofis ne suka ci kasuwa.

A bayan rigar lauya, wajen kafaɗar hagu, akwai wani ɗan ƙyalle da ke reto. Masu labari sun ce aljihu ne da mai ƙara ke jefa kuɗi ba tare da lauya ya gani ba, masana tarihi kuma sun ce ragowar hular makokin wani sarkin Ingila ce da ya mutu a 1685. Na farkon ya fi daɗin ji, amma wane lauya ne zai yarda a biya shi ta baya bai ƙirga ba?

Gudumar da alƙali ke bugawa a fim yana cewa a yi shiru, alƙalan Ingila ba su taɓa amfani da ita ba, al'adar Amurka ce. Su kallo ɗaya ta saman tabarau ya wadatar.

A Indiya an san alƙali da karya bakin alƙalaminsa bayan ya sa hannu a hukuncin kisa, don kada abin da ya rubuta mutuwa ya sake rubuta wani abu. A Ingila ta da kuwa, in alƙali ya iso gari ya tarar babu mai laifi ko ɗaya da zai yi wa shari'a, farar safar hannu ake ba shi kyauta. Safar ba ta cika ƙarewa a kasuwa ba.

Ana ba da labarin wani matashin lauya a Faransa, farkon ƙarni na 16, da kotun coci ta ba shi aikin kare ɓerayen da suka cinye gonakin sha'ir. Da farko ya ce sammaci bai isa ga dukkan waɗanda yake karewa ba, da aka sake aikawa ya ce hanyar kotu cike take da kyanwoyi, kuma doka ba ta tilasta wa kowa bin hanyar da zai rasa ransa. Daga baya mutumin ya shugabanci babbar kotu a kudancin ƙasar. Ɓerayen dai ba a ji sun biya ba.

Tsarin mulkin Amurka bai ce dole alƙalin kotun ƙoli ya karanta shari'a ba, bai ma sa masa shekaru ba, kuma in an naɗa shi sai mutuwa, ko ya sauka da kansa, ko a tsige shi. Namu a nan da sun cika 70 sai gida. Can kujera da mai ita tare suke tsufa.

A Japan fiye da kashi 99 cikin 100 na shari'o'in laifi da suka kai gaban alƙali da ɗauri ko tara suke ƙarewa, domin masu gabatar da ƙara ba sa zuwa kotu sai sun tabbata. Lauyan da ya fitar da mutum biyu a rayuwarsa, jikoki sun samu labari.

Manyan ofisoshin lauyoyi a Landan da New York minti shida-shida suke yanka awa, kowane yanki da kuɗinsa. In ka buga waya, bar tambayar iyali da gajiya, faɗa kan magana.

Mu kuma a Arewa, zamanin Turawa doka ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali. Kai ne, bakinka ne, sai shaidunka. An ce shari'a ba ta kai shekara goma a lokacin.

To, mu shiga majalisa.

Tun 1624 ɗan majalisar wakilan Birtaniya ba shi da ikon yin murabus. Wanda ya gaji sai ya roƙi ministan kuɗi ya naɗa shi wakilin sarki a wata gunduma da aikinta ya mutu tuntuni, tunda doka ta ce mai riƙe da muƙamin sarki ba ya zama a majalisa. Ka nemi aiki don ka bar aiki, kuma ko sisi babu a ciki.

Sabon kakakinsu kuwa jan sa ake yi zuwa kujera, shi yana ta noƙewa. Asalin wasan ba wasa ba ne: tsakanin 1394 da 1535 mutum bakwai da suka taɓa riƙe kujerar aka fille wa kai. A wasu ƙasashen ranar sauka ce ake jan mutum.

Su 650 ne, wurin zama kuma na mutum 427. Mai son kujera sai ya yi sammako ya ajiye kati da sunansa, sannan ya halarci addu'ar buɗe zama, in ba haka ba katin banza ne. Ƙarancin benci ya shiryar da mutane da yawa.

Dokar 1313 da ta hana shiga majalisar da sulke har yau ba a soke ta ba, kuma a ɗakin ajiye riguna kowane marataya na da ɗan zare na rataye takobi. Yanzu lema ke cin moriyarsa.

Ranar da sarki zai je buɗe majalisa, ana kai ɗan majalisa guda fada a ajiye shi garkuwa har sai sarki ya dawo lafiya, tunda majalisar ta taɓa yanke wa wani sarki kai a 1649. Garkuwar da ake ba ka kujera mai laushi da abin sha, ba ka ji ana neman kuɗin fansa.

Sandar majalisa ma daga can ta zo mana, kuma bisa al'ada in ba ta kan tebur, duk abin da aka tattauna hira ce. Shi ya sa da rikici ya ɓarke ba a neman kundin tsarin mulki, sanda ake wa wawaso. Mai ɗaukar ta ya kamata a riƙa ba shi kuɗin kasada.

Alƙalin babbar kotu a Najeriya sai ya yi digiri, ya yi makarantar lauyoyi, ya shekara goma a aiki. Mai neman shugabancin ƙasa kuwa, karatu daidai da sakandare da shekara 35 sun ishe shi, tun gyaran 2018 da ya rage daga 40. Mai fassara doka ya sha karatu, mai sa mata hannu ya sha kamfe.

A 1957 wani sanatan Amurka ya tsaya yana magana awa 24 da minti 18 don ya hana dokar 'yancin baƙar fata wucewa, har da karanto dokokin zaɓe na kowace jiha ɗaya bayan ɗaya. Dokar ta wuce abinta. Maƙogwaro ne kawai ya yi asara.

A zauren sanatocin nan dai akwai wani tebur kusa da ƙofa da tun 1965 ake cika aljihunsa da alawa, kowa ya wuce ya ɗiba. Nan ne kaɗai jam'iyyun biyu ba sa gardama.

San Marino, 'yar ƙasar da Italiya ta kewaye, shugabanni biyu take yi a lokaci guda, wa'adinsu wata shida, kuma da sun sauka talaka na da damar kai ƙararsu. Suwizalan kuma shekara ɗaya-ɗaya ministocinta bakwai ke karɓa-karɓar shugabanci. Kafin maroƙa su haddace sunanka, an yi sabo.

Beljiyam ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011 ba a kafa sabuwar gwamnati ba, jirgin ƙasa na tafiya, albashi na shiga, yara na zuwa makaranta. 'Yan siyasa ba sa son ana yawan tuna wannan.

Firaministan Singafo na karɓar kusan dalar ƙasar miliyan 2.2 a shekara, wai don kada ido ya kai ga baitulmali. Yurugwai kuma ta yi shugaba daga 2010 zuwa 2015 da ke kyautar da kusan kashi 90 na albashinsa, yana zaune a gonarsa da tsohuwar mota ƙirar Volkswagen. Kowanne da maganinsa, cutar dai guda ce.

A 1959 mutanen birnin Sao Paulo na Brazil sun fusata da 'yan takarar kansila, suka rubuta sunan wata karkanda ta gidan namun daji, ta tashi da ƙuri'a kusan 100,000, fiye da kowa. An soke ƙuri'un. Ita kaɗai ce ba ta garzaya kotu ba.

A jihar Bajiniya ta Amurka 'yan takara biyu sun yi kunnen doki a zaɓen 2017, kowa 11,608, sai aka sa sunayensu a kwano aka zaro ɗaya. Duk fosta, duk yawon gida-gida, ƙarshenta ɗan kwano.

Yanzu masu kuɗi.

Ministan kuɗin Kanada sabon takalmi yake saya ranar gabatar da kasafi, 'yan jarida kuma su duba ƙafarsa su hango yadda shekara za ta kasance. Wasu ministocin tsohon suke kai wa mai gyara don a san za a tsuke. Talaka dai nasa silifas ɗin bai canza ba.

Shekaru aru-aru baitulmalin Ingila a jikin sanduna yake rubuta bashi: a yi tsaga-tsaga, a raba sandar biyu, kowa ya riƙe rabi. A 1834 aka sa ma'aikata su ƙone tsofaffin sandunan a murhun ginin majalisa, wuta ta ƙwace, ginin ya tafi kusan gaba ɗaya. An dai rufe lissafi.

A Kano ta 1851 wani matafiyi Bajamushe ya tarar dalar azurfa ɗaya na daidai da wuri 2,500, ana zube shi ƙasa ana ja biyar-biyar da yatsu. Ƙirga kuɗin babban ciniki aikin yini ne na mutane da yawa. Kakannin 'yan canjin Wapa ba su san ciwon aljihu ba, na baya suka sani.

Dokar Kataloniya ta 1321 ta ce mai bankin da ya karye a yi shelar sunansa, ya koma burodi da ruwa har ya biya, in shekara ta cika bai biya ba a fille masa kai. A 1360 an aikata hakan ga wani a gaban teburinsa a Basalona. Yanzu kwamiti ake kafawa.

Dillalan hannun jarin Landan a shagunan shan gahawa suka kafa sana'arsu bayan an kore su daga babbar kasuwa saboda hayaniya. Na New York su 24 ne suka ƙulla yarjejeniya a 1792, a gindin bishiya in ji masu tarihi. Kada wanda ya ƙara raina majalisar bakin titi.

Wani banki a arewacin Italiya tun 1953 yake karɓar cuku a matsayin jingina, manya-manyan dunƙule masu kusan kilo 40, yana ajiye su a rumbunsa har su nuna. In ka kasa biya, a sayar. Bashin da ko ya lalace yana ƙamshi.

Ma'aikatan rumbun zinare da ke ƙafa 80 a ƙarƙashin titin New York takalmin ƙarfe suke ɗorawa kan nasu, domin kowane tubali ya haura kilo 12. Dukiya in ta faɗo maka a yatsa, ba ta tambayar ta wace ce.

A 2013 sai da sabon ministan kuɗin Amurka ya sake koyon sa hannu, saboda nasa zagaye-zagaye ne zalla babu harafi ko ɗaya, ga shi za a buga shi a kan dala. Girma ya zo, aka koma aji ɗaya.

A 2012 wata jarida a Birtaniya ta haɗa ƙwararrun masu juya kuɗi gasa da kyanwa, kowa da fam 5,000, ita tana zaɓen hannun jari ta hanyar jefa ɓeran wasanta kan lambobi. Ƙarshen shekara kyanwa na da 5,542, ƙwararru 5,176. Kuma ba ta cire kamasho ba.

A Disamban 2005 wani dillali a Tokyo ya so sayar da hannun jari ɗaya a kan yen 610,000, sai ya buga 610,000 a kan yen ɗaya-ɗaya, kwamfutar kasuwa kuma ta ƙi karɓar sokewa. Kamfaninsa ya yi asarar kusan yen biliyan 40. Wanda ya taɓa tura kati ga lambar da ba ita ba, ya yi hamdala.

A 1995 wani ɗan shekara 28 a ofishin Singafo ya ɓoye asarar fam miliyan 827 a wani asusu, ya durƙusar da bankin Landan mai shekara 233, aka sayar da bankin fam ɗaya. Shi ne mai ciniki, shi ne kuma mai duba cinikin. Ya duba, ya ga komai lafiya.

Irin wannan ne ya sa bankuna da yawa ke tilasta wa ma'aikaci hutun mako biyu a jere, ba waya, ba kwamfutar ofis, domin ɓarna ba ta jure kwana goma sha huɗu a hannun wani. Saboda haka, jama'a, in ma'ajin ƙungiyarku ya shekara biyar bai taɓa yarda wani ya riƙe masa littafi ba, ku rage yabon ƙwazonsa, ku nemi a zo da littafin taro mai zuwa.