Yadda Ake Gano Inda Wayar Tarho Ta Lalace

Wayar tarho ta ƙasa, irin wadda kamfanin NITEL ya riƙa shimfiɗawa bayan kafa shi a 1985, da jan ƙarfe ake yin ta. Kowane layi yana da silin waya guda biyu da aka murɗe tare. Kowane sili kuma yana sanye da rigar roba. Aikin rigar shi ne ta hana wuta zurarewa, kamar yadda tulu mai lafiya yake riƙe ruwa.

Babban abokin gabar wannan riga shi ne ruwa. Idan gara ko gafiya ta ci robar, ko fartanya ta sare ta, sai damshi ya shiga. Shi ya sa layi ya fi lalacewa da damina. Mai magana zai ji ƙara a kunne, ko ya ji muryar wasu mutane, ko layin ya mutu ɗungurungum.

To, wayar tana binne a ƙasa. Yaya ma'aikaci zai san lafiyarta? Ba ya fara haƙa. Yana fara gwaji.

Da farko sai ya cire layin daga tarho da kuma ofishin waya. Sa'an nan ya haɗa na'urar gwaji, wadda aka fi sani da Megger. Layin tarho yana aiki da wuta bolt 48. Amma na'urar tana iya tura har bolt 500, domin ta matsa wa rigar ta nuna rauninta. Ana gwada sili da ɗan'uwansa, sannan kowane sili da ƙasa. Ma'aunin da ake karantawa sunansa om. Riga mai lafiya tana nuna om miliyoyi. Idan lambar ta faɗi ƙasa sosai, wuta tana zurara. Bayan gwaji dole a sauke wutar da ta rage a cikin wayar zuwa ƙasa, don tana iya jan mutum.

Saura a san wurin. A nan ne ilimin lissafi yake amfani. Waya mai kaurin rabin milimita, zuwa da dawowa, tana nuna kamar om 176 a kowace kilomita. Idan silin biyu sun manne da juna, na'ura ta nuna om 88, ɓarnar tana nan wajen rabin kilomita daga inda ma'aikaci yake tsaye. Sai ya auna tafiyar, ya haƙa wuri ɗaya, ba titi gaba ɗaya ba.

Akwai wata na'urar da take aiki da amsa-kuwwa. Wanda ya yi ihu a bakin rijiya ya san muryarsa tana dawowa. Haka na'urar take aika ɗan bugun wuta cikin waya. Idan ya iske inda ta tsinke ko ta jiƙe, sai ya dawo. Na'urar ta lissafa lokacin, ta faɗi nisan.

Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, tarhon gida ya ja baya ƙwarai. Amma wayoyin ƙasa ba su ƙare ba. Yanzu ana binne wayar zaren gilashi a gefen manyan hanyoyi, ita ce take haɗa turakun salula da yawa. Idan mai haƙa rami ya sare ta, garuruwa da dama suna iya rasa sabis. Ita ma da amsa-kuwwa ake gano inda ta tsinke, sai dai haske ake turawa a cikinta maimakon wuta.