Ƙarar Fanka Da Barcin Dare A Tudun Wadan Zariya

DA zarar hunturu ya wuce, watan Maris ya kama, babu gidan da ke da wutar lantarki a Tudun Wadan Zariya da ba za a ji fanka tana juyawa ba. A wannan lokaci zafin rana yakan haura digiri 35, ga shi kuma yawancin gidajen unguwar na siminti ne da rufin kwano, waɗanda ke shan zafi da rana su sake shi da dare. Soron ƙasa irin na cikin birni, mai katanga mai kauri da rufin azara, bai cika bukatar na'ura ba. Amma ɗakin haya mai taga guda, irin wanda ma'aikata da ɗaliban Kongo ke kamawa, ba ya kwantuwa sai da fanka. To, sai dai fankar da aka saya don a sami barci, sau da yawa ita ce ke hana shi.

Masana suna auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Raɗa takan kai desibel 30, hira ta yau da kullum kuwa wajen 60. A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin kwana ta wuce 30, ta ajin karatu kuma kada ta wuce 35. A nan Nijeriya ma, an kafa dokar kayyade ƙara a 2009 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA. Abin lura shi ne, idan ƙara ta ƙaru da desibel 10, kunne yakan ji kamar ta ninka. Watau fankar da ta tashi daga 40 zuwa 50 ba ƙaramin canji ta yi ba.

Dalili na farko shi ne ƙura. Duk tsawon hunturu ana barin fanka a kashe, ƙura tana taruwa a kan fukafukanta. Da yake ba daidai take kwanciya ba, sai wani fiffike ya fi wani nauyi, fanka ta riƙa rangaji tana girgiza ƙugiyar da ta rataye a kai. Haka ma idan fiffike ɗaya ya lanƙwashe.

Na biyu shi ne boris. Idan ƙura ta shiga cikinsa, ko man da ke ciki ya bushe, sai a ji gurza ko ƙugi. Na uku kuwa noti ne da ya kwance, wanda ke sa ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Na huɗu shi ne rashin ƙarfin wuta. An yi waɗannan na'urori ne don wutar da ta kai wajen bolt 230. In wuta ta zo da rauni, ko kwandensa ta mutu, sai inji ya yi ta gurnani bai juya sosai ba, yana ɗaukar zafi har wayoyin cikinsa su ƙone.

Fankar fitar da hayaƙi a kicin tata matsalar daban ce, domin maiƙo da baƙin hayaƙi ne ke daskarewa a jikinta. Iyakwandishan ɗin taga kuwa, in ba a sa masa roba tsakaninsa da katakon da ya zauna a kai ba, bango ne zai ɗauki girgizarsa ya kai wa maƙwabci. Matatar iskarsa ma in ta toshe, inji yakan yi ta fama, ƙara ta ƙaru, sanyi ya ragu.

Wannan ba abin rainawa ba ne. Ko mutum bai farka ba, ƙara tana rage nauyin barcinsa, ya tashi da kasala. Ma'aikaci ya tafi ofis yana gyangyaɗi, ɗalibi ya kasa riƙe abin da ya karanta. Bugu da ƙari, fankar sama mai rangaji tana iya sassauta ƙugiyarta ta faɗo kan mai barci.

Maganin kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. A kashe wuta tukuna, a goge fukafukai, a ɗaure noti, a wanke matata. A rage gudun fanka da dare, domin bisa ƙa'idar injiniyoyi, rage gudunta da rabi yakan rage ƙarar iskarta da wajen desibel 15. Fanka babba mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru. In ƙugi ya ƙi dainawa, a kira mai gyaran lantarki ya canja boris ko kwandensa tun kafin inji ya ƙone, kuɗin gyara ya zama kuɗin sabuwa.

Masu gina gidajen haya su ma suna da nasu nauyin. Ɗaki mai silin da tagogi biyu masu fuskantar juna iska takan ratsa shi da kanta, mai haya ya kwana da fanka a lamba ɗaya. Watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama, shi ne lokacin da ya dace kowane magidanci ya hau kujera ya duba fankarsa.