Asirin da ke Cikin Wayarka Ba Naka Kaɗai Ba Ne

Wata rana sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, ina cikin duba littattafan yara, sai saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Na buɗe, sai ga hoton wani abokina da mu ka yi makaranta tare, an rubuta a ƙarƙashi wai shi ɓarawo ne, ya ci kuɗin mutane ya gudu. Jikina ya yi sanyi. Da na buga masa, ashe rance ya karɓa ta wayar hannu wurin wani kamfani, ranar biya ta wuce da 'yan kwanaki. Saƙon nan kuwa har surukinsa ya samu.

Abin da ya fi damuna shi ne, ina mutanen nan su ka sami lambata? Ni ban ci bashinsu ba, ko sunansu ban taɓa ji ba.

To, ga yadda abin ya ke. Kafin su ba ka rance sai ka sa manhajarsu cikin wayarka, ita kuwa ta nemi izinin ganin sunaye da lambobi da hotunan da ke ciki. Mai neman kuɗi da gaggawa ba ya tsayawa karatu, sai ya danna ya yarda. Nan da nan a kwashe duka zuwa na'urar kamfanin. Watau abokina bai ba da keke ko agogo jingina ba, mu ya bayar, mu da ba a shawarce mu ba. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, gama ni ma na sha dannawa ban karanta ba. A 2023 ne kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane, amma wanda aka kwashe tun dā ba ya komowa.

Waɗansu za su ce, mene ne abin ɓoyewa a lambar waya? Ku tuna a 2014 aka fara ba da lambar banki ta BVN, a Disamba 2020 kuma Gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Saboda haka yanzu layin mutum a ɗaure ya ke da sunansa, da hotonsa, da zanen yatsunsa.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare asirin gidan mutum, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A Yuni 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Mutane, aka kafa hukumar da a ke kira NDPC ta lura da ita. Bisa ga wannan doka, wanda ya karɓi bayaninka sai ya faɗi abin da zai yi da shi, kada kuma ya juya shi ga wani abu dabam. Kana da iko ka tambayi abin da su ka rubuta a kanka, ka sa a gyara kuskure, ko ka nemi a share. In ɓarayi sun sace bayanan, abin kuwa zai iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Babban kamfani da ya karya dokar a kan iya cinsa tarar Naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na abin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Amma 'yan'uwana masu koyon malanta, kada mu zaci maganar ta kamfanoni ce kaɗai. Malami ma ma'aji ne. A hannunmu rajista ta ke, da ranar haihuwar kowane yaro, da lambar ubansa, da wanda bai biya kuɗin makaranta ba, da mai ciwon farfaɗiya. Na ga malamin da ya ɗauki hoton sakamakon jarrabawa na aji duka ya aika wa dukan iyaye ta WhatsApp, har da sunan na ƙarshe. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma yaron nan kwana biyu bai zo makaranta ba. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Dokar kuma ta ce wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, in ana bukatar yarda a kan bayaninsa, wurin iyayensa ko mai riƙonsa za a nema.

Ni ma da na duba wayata a daren nan, sai na tarar da hotunan 'yan ajina da lambobin iyayensu tuli, a zaune tare da manhajoji iri iri da ban san abin da na yardar musu ba. Na kwafe lambobin cikin littafi, na kai wa hedimasta ya kulle a kabad, sa'an nan na share su duka daga wayar.