Yaron Da Ya Yi Karatu A Gida: Yadda Za A Rufe Masa Shekara Da Shaida A Hannu



Idan watan Yuli ya kama, makarantun boko suna rufe zango na 3, kowane yaro ya dawo gida da takardar sakamakonsa. Amma akwai yaranmu da yawa da babu mai miƙa musu wannan takarda, don a gida suka yi karatun shekarar. Wani an ɗauko masa malamin lesin, wani yayansa ne ke koya masa bayan an taso daga Islamiyya. Dalilan kuwa duk mun san su. Makarantar kuɗi ta yi tsada, ta gwamnati ta yi nisa ko ta cika, wani gidan kuma rabin shekara suna Arewa rabi suna nan Kudu.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, sakandare na gama, kuma ni ke koyar da ƙannena biyu a gida. Maganata guda ɗaya ce: shekarar karatun gida sai an rufe ta da shaida. A kara ma ai ko an sallama maka sa, ba ka loda shi a mota sai dillali ya shaida kuma ka karɓi takarda, in ba haka ba a shingen farko za a tsare ka. To, yaron da ya shekara yana karatu babu takarda, shi ma a ƙofar makaranta za a tsare shi.

A Amurka, inda karatun gida ya fi shahara, doka ta halatta shi a duk jihohi 50, amma wasu jihohin ba sa barin iyaye haka nan. A Pennsylvania sai an tara ayyukan da yaro ya yi a shekara, wani ƙwararre ya duba ya rubuta rahoto. A New York kuwa rahoto ake kaiwa sau 4 a shekara, sannan a yi gwaji na ƙarshe. Mu nan Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa uba ko mai riƙo nauyin tabbatar da yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Ka ga ashe komai daɗewa yaron nan zai koma aji, kuma ranar da ya je za a tambaya wane aji ya kai.

Don haka a fara da tattara littattafan rubutunsa na shekara, har waɗanda suka yage, a jera su daga na farko zuwa na ƙarshe. A samu takarda guda a rubuta littafin Turanci da na lissafi da aka bi, na aji nawa ne, a wane shafi aka tsaya. Kar a ƙara gishiri. Idan littafin aji 4 aka kai rabi, a rubuta rabi.

Bayan haka a gwada yaron, amma fa ba wanda ya koya masa ne zai gwada shi ba. Malamin lesin yana tsoron a ce bai yi aiki ba, mu kuma 'yan'uwa tausayi ne ke cin mu. A nemi malamin wata firamare ta kusa, a ba shi ɗan abin goro, ya zauna da yaro awa guda. Ya ba shi shafin da bai taɓa gani ba ya karanta, ya yi masa shifta, ya ba shi lissafi a rubuce. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci wallahi. Yaron kara zai iya gaya maka da ka nawa ne kuɗin motar kowane sa idan shanu 30 aka loda, amma a rubuta masa tambayar da Turanci sai ya tsaya yana kallon takarda. Malamin ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da kwanan wata. Mutanen Legas su tuna cewa tun 2018 jihar ta yi dokar koyar da Yarbanci a makarantu, don haka a duba ko Yarbancin da yaro ke ji a titi zai iya karanta shi.

Sai a dubi jarrabawar da ke gaba. Mai shirin shiga sakandaren tarayya irin su King's College da Queen's College, sai ya rubuta kwaman entaran ta hukumar NECO, kuma rajistarta ba ta jiran Yuli, a tambaya da wuri. Jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin ta, to wanda ya kusa kai nan gara a sa shi aji a Satumba. Babban yaro kuwa yana da hanya: WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke kira GCE, ba sai ta makaranta ba. Jami'a tana neman kiredit 5 har da Turanci, JAMB kuma tun 2021 ba ta rajista sai da lambar NIN. A karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a tabbata sunan iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata takardar, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum zarya ofis-ofis.

Wani abin da ya shafe mu mu 'yan kara shi ne Babbar Sallah. A 2023 da 2024 da 2025 duk a watan Yuni ta faɗo, daidai lokacin da ya kamata a yi bita. Raguna sun sauka, ana neman mai ba da ruwa da dusa, sai a janye yaro mako 3, daga nan karatun ya watse babu wanda ya ce an gama. Baba, Alhaji, don Allah a duba kalanda tun da wuri. Ko dai a yi gwajin kafin kasuwa ta buɗe, ko a tsayar da ranar komawa bayan Sallah, a faɗa wa yaron ranar da bakinku.

In an gama, a yi masa 'yar walima. Mun iya yi wa mai saukar Alƙur'ani, har a yanka rago. Wannan ba ta kai can ba, shinkafa da lemo sun isa, ya tashi gaban iyayensa ya karanta shafi guda, a sa masa albarka, a biya malamin lesin cikon kuɗinsa. Takardun kuma a sa su a leda a ajiye tare da takardun gida, kar a bar su a rumfar kara inda damina za ta cinye su.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka.