Mai Domin Abinci: Tsarin Iraƙi da Halin da Kan Iyakar Nijar ya Shiga

Takunkumi, wato yanke hulɗar ciniki da ta kuɗi da wata gwamnati domin a tilasta mata sauya hali, yakan fara cin talaka tun kafin ya taɓa mahukunta, kuma wannan ne ya haifar da tsarin da aka sani da "mai domin abinci". Bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait a Agustan 1990 an haramta mata sayar da mai, da yunwa da cututtuka suka tsananta sai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 986 a Afrilun 1995, wanda ya fara aiki a Disamban 1996. Da farko an yarje mata sayar da ɗanyen mai na dala biliyan 2 kowane wata shida, sai dai kuɗin ba sa shiga hannun gwamnatin Saddam Husaini, ana zuba su ne a asusun Majalisar a bankin BNP da ke New York, a ware kashi 30 cikin 100 domin diyyar yaƙi, sannan a sayi alkama da shinkafa da magani da mafi yawan abin da ya rage.

Kafin a rufe shirin a 2003 an sayar da mai na kimanin dala biliyan 64, kuma ya ceci rayuka, amma an bar wa gwamnatin ikon zaɓen masu sayen man da 'yan kwangilar kayan, ta nan kuwa ɓaraka ta shigo. Kwamitin bincike na Paul Volcker ya gano a 2005 cewa gwamnatin ta karɓi kusan dala biliyan 1.8 ta bayan fage.

Nijar ba ta samu ko irin wannan tsari mai aibi ba. Takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba mata ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, ya rufe iyakoki ba tare da an keɓe abinci da magani ba tun farko, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki. A Yekuwa da sauran garuruwan Magarya da Dungas na jihar Damagaram, inda dabbobi da wake ke gangarawa kasuwannin Najeriya irin su Maigatari, masara da kayan masarufi kuma su hauro, kuma Naira ke yawo tare da Sefa, ciniki ya koma ɓarauniyar hanya, wadda tsadarta ke ƙarewa a kan mai sayen tiya guda. Abin lura shi ne, a jihar Damagaram ɗin nan matatar mai ta SORAZ take, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, amma bututun da zai kai ɗanyen man Agadem gaɓar tekun Benin bai soma jigila ba a lokacin, don haka babu ɗanyen man da za a yi musaya da shi.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024. A Afrilu gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na ƙasar Sin, za ta biya da ɗanyen mai cikin wata 12 da kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100. Wannan bashi ne da aka jinginar da mai a kansa, kuma babu wani asusu na waje da ke tabbatar da cewa kuɗin sun koma hatsi ko magani.