Mutum Ɗaya A Cikin Jirgi: Zanen Da Ya Kamata Mutanen Dakata Su Duba

Yawancinmu a Dakata ba mu taɓa ganin teku ba. Iyakarmu dam ɗin Tiga, inda masunta ke tuƙa kwalekwale. To, me ya haɗa mu da zanen jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ke turawa?

Akwai wani zane mai suna The Gulf Stream, wanda Ba'amurke Winslow Homer ya yi a 1899. Yana gidan adana zane-zane na Metropolitan a birnin New York tun 1906, kuma ana samun hotonsa a intanet. Wani baƙar fata ne kishingiɗe shi kaɗai a ƙaramin jirgi. Sandar da ke riƙe filafilan ta karye. Manyan kifaye masu cin mutum sun kewaye shi, guguwa kuma ta taso ta hannun dama. Guzurinsa 'yan karan rake ne kawai.

Idon mai gaggawa kan tsaya a kan kifayen. Mu dai muna ganin fuskar mutumin ce zanen. Ba ya ihu, bai ɗora hannu a ka ba. Ya dogara da gwiwar hannu, ya zuba wa ruwa ido. Wannan zaman mun san shi. Mun gan shi a ƙofar gidajen haya sa'ad da masaƙu da masana'antun Bompai, Sharada da Challawa suka riƙa rufewa saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje: magidanci a kan benci da hantsi, unguwa cike da hayaniya, amma shi kaɗai ne da tunaninsa. Ba lalaci ba ne, filafilan ne babu.

Saboda haka kada a yi wa irin wannan zane kallon kalanda. A zauna da shi minti 5, a lura da duhun ruwan, da yadda jirgin ya karkata.

Can nesa ta hagu akwai wani babban jirgi da ƙyar ake ganinsa, wanda Homer ya ƙara daga baya. Mutumin ya juya masa ƙeya. Da masu kallo suka damu da makomarsa, sai Homer ya rubuta wa dillalinsa, cikin gatse, cewa a gaya musu za a cece shi, ya koma gida wurin abokansa.