YADDA MATAFIYI ZAI KAFA FAIFAN TALABIJIN A MOTARSA

A shekarun 1950 motar majigi ce ke kai wa mutanen ƙauye hoto. Yau ɗan kasuwa ko direba mai kwana a motarsa, ko a kasuwar Mai'adua, ko a Zango, Baure da Sandamu, yana iya kallon labarai duk inda dare ya riske shi.

Inda hoton ke fitowa

Taurarin ɗan Adam masu aiko da hoto suna can sama, kimanin mil 22,000 bisa tsakiyar duniya. Tafiyarsu daidai take da juyawar ƙasa, saboda haka kullum a wuri guda ake samunsu. Ƙasar Daura tana arewa da wannan layi, don haka ba a juya faifai arewa. Mai neman Nilesat sai ya fuskanci kudu maso yamma. Tauraron Nijeriya kuwa, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a 2011, yana gabas, ya ɗan karkata kudu.

Kayan aiki

Ana bukatar faifai da ƙafarsa, da ƙoƙon da ke gabansa mai karɓar saƙo, da waya, da dikoda, da akwatin talabijin, da batir mai bolt 12, da inbata.

Kafawa

1. A tsayar da mota a fili. Ganyen bedi ko bangon gida yana tare saƙo.
2. A kafa ƙafar faifai ta miƙe sak, a danne ta da duwatsu saboda iska.
3. A haɗa waya tun ba a kunna wuta ba.
4. Mutum ɗaya ya juya faifai sannu sannu, ɗaya yana duban ma'aunin da dikoda ke nunawa. In ma'auni ya cika, sai a ɗaure noti, a yi alama da fenti.

Kowane zango sai an sake saiti, gama gocewa kaɗan tana ɓatar da hoto.

Gargaɗi

Kada mota ta tashi sai an sauke faifai an ɗaure, don iska na iya fizge shi ya faɗa kan mai babur. Kada direba ya yi kallo yana tuƙi. A keɓe wa talabijin batir nasa, in ba haka ba gari ya waye mota ta ƙi tashi a daji. Kada a kunna janareta cikin mota ko kusa da taga: hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Da damina, in hadari ya taso, a kashe kaya a zare waya saboda tsawa. Ruwa mai ƙarfi yakan ɗauke hoto, ba lalacewa ba ce, zai dawo.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa abokan tafiyarsa. Rigakafi ya fi magani.